Manaja Labaran da Gobarar Gwaji

A shekarun nan da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasa, kowane malamin ofis yana neman babur, kowane direba yana neman rediyo, in ka zauna a teburin Jaji mai shayi a bakin titin Kankiya, kafin shayinka ya huce sai ka ji labarin Kaduna har ya gundure ka. Ba kuwa daga bakin kowa ba sai na Labaran. In aka ce yau ana zafi, ya ce ai ba ku ga zafin Kaduna ba. In aka ce akuyar wane ta haifi uku, ya ce a Kaduna irin wannan juya ake ce mata.

Labaran mutumin Kusada ne, dogo siriri, da wando mai faɗin ƙafa da ke share masa hanya, da biro jere a aljihu waɗanda ko ɗaya ba ya rubutu. Cewa yake ya yi aiki a wata babbar masaƙa a Kaduna. Gaskiyar magana, wadda duk Kusada ta sani, rake ya sayar a bakin ƙofar masaƙar rani guda. Duk abin da ya sani na aikin kamfani ta tsakanin ƙarafan ƙofa ya hango shi. Amma ka ji shi yana bayani, sai ka rantse da shi aka yi shawara kafin a kafa injinan.

Yayarsa, Hajiya Iyatu, ita ke da gidan burodin da ke jikin rumfar Jaji. Mace ce da ba ta ɗaukar wargi. Da sayar da man gyaɗa ta fara, har Allah ya buɗa ta gina ƙaton tanderun ƙasa mai cin itace, burodinta yana zuwa Kusada da Kunduru, motocin Kano da Katsina suna tsayawa dominsa. Saboda zumunci ta ɗauko Labaran don ta raba shi da zaman kashe wando. Aikin da ta ba shi shi ne ya zauna bakin ƙofa ya gaida baƙi ya kori awaki. Kafin mako ya zagayo ya sa an rubuta MANAJA a jikin allo ya kafa bisa kansa.

Wata safiya sai ga wani mutum mai tabarau a kan babur. Ya ce sunansa Malam Hussaini, daga ofishin ƙwadago yake, yana zagaya wuraren da ke da ma'aikata. Ya leƙa ciki, ya dubi mutum huɗu suna fama a bakin wuta, ya fito ya gaida Hajiya.

"Hajiya, abin ba mai wuya ba ne. Doka ta ce mai ma'aikata ya kula da lafiyarsu. A sa randar ruwan sha mai murfi, a ajiye akwatin magani, a ajiye bokitin yashi saboda wuta, sannan a riƙa barin mutum ya ɗan huta..."

"Dakata, Malam!" Labaran ya tari numfashinsa. "Ai ka zo gidan. Wanga duk ƙananan abubuwa ne. A Kaduna, a kamhwaninmu..."

"Madalla," in ji Malam Hussaini, yana tayar da babur. "Zan dawo ranar kasuwar ƙarshen wata. In na tarar ba a yi ba, rufe wurin zan yi."

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Labaran ya bi babur ɗin da kallo yana murza hannu. Ita kuwa Hajiya, washegari za ta tafi Maraɗi wajen 'yarta da ta haihu, don haka ta kira shi gefe ta kama masa kunne, duk da gemunsa.

"Ka ji mi ya ce? Randa, akwati, bokiti. Maimaita."

"Haba Yaya, ni za a koya ma wa? Ki tahi abinki. Kahin ki dawo wurin ga ya zama kamhwani."

"Ni ba kamhwani nika so ba, burodi nika so. In ka ja mani abin kunya, wallahi Kusada za ka koma. Garmarka na nan rataye inda ka baro ta."

A duniya babu abin da Labaran ke tsoro kamar garmar nan. Ya tuna rana a tsakiyar ka, ya tuna kunyar komawa gida ba allo ba kujera, samarin Kusada suna tambayarsa ina manajancin. Ya dafa ƙirji ya ce in har Malam Hussaini bai tafa masa ba, kada a ƙara kiransa Labaran.

Motar Hajiya na ɗagawa ya shiga ta Kano, ya dawo da ƙunshin gwanjo. Manyan kwat ne na ulu masu nauyi, irin na mutanen ƙasashen ƙanƙara. Ya tara ma'aikata ya ce a Kaduna kowane ma'aikaci da rigar aikinsa, don haka daga yau ba mai kusantar kwaɓi sai da kwat, kuma a ɓalla maɓalli har wuya. Ana tsakiyar bazara, ko ƙadangare inuwa yake nema. Baba Gajere, tsohon da ke riƙe da tanderu, tasa har ƙasa take ja, sai ka ce kwat ce ke tafiya ita kaɗai da hula a kai. Gumi ya riƙa zuba daga kowa kamar an huda tulu.

Da la'asar Jaji ya leƙo da guntun burodi a hannu.

"Manaja, kun ƙara gishiri ne?"

"Sabon tsari ne. Haka na Kaduna yake."

Ana cikin haka Kabo, mai murza kwaɓi, ya yi luu ya zube. Aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo yana salati. Labaran ya zagaya shi yana dubawa, ya miƙe da fara'a.

"Kun gani? Ko ƙujewa bai yi ba. Da ba kwat ɗin nan, da yanzu muna asibiti."

Daga nan ya koma kan ciki. Ya taɓa hango ma'aikatan masaƙa suna cin abincin rana a dogon tebur, to shi ma sai ya yi. Ya sa aka haɗa tebur da benci, ya yi odar shinkafa da miyar nama daga tasha, ya jera faranti da cokula. Ya ce sunan wurin kantin, kuma dole kowa ya ci a nan, lokaci guda, fuska da fuska.

Abin da bai sa a lissafi ba, ma'aikatan Hajiya duk a sarƙe suke. Bubayero, Bafillacen da fari ya cinye wa shanu ya dawo aikin burodi, 'yar Baba Gajere yake aure. Kabo kuma 'yar yayan Bubayero ce a ɗakinsa. Na huɗunsu, Dauda, ɗan farin Baba Gajere ne, wanda har ya yi gemu tsohon bai taɓa kiran sunansa ba. Da can in lokacin ci ya yi, kowa ɗaukar kwanonsa yake ya ɓace, wannan bayan itace, wancan gindin bedi, a ci a ƙoshi ba wanda ya ga loman wani. Yau ga su a tebur guda, duk wanda ya ɗaga ido sai ya faɗa kan wanda yake jin kunya.

"Bisimilla!" in ji Labaran. "Ku ci, kamhwani ya biya."

Ba wanda ya miƙa hannu. Bubayero ya ƙura wa rufi ido kamar an yi masa rubutu a can.

"Bubayero, ɗauki cokali."

"Na ƙoshi, Manaja."

"Tun asuba kake aiki. Mi ka ci?"

"Na sha ruwa jiya."

Labaran ya juya. "Baba Gajere, kai ne babba, buɗe mamu hanya."

"In buɗe baki in tamna gaban mijin ɗiyata? Kai Labaran, halan a Kaduna babu surukai?"

"Akwai mana! Amma doka ta hi suruki."

"To dokar ta zo ta ci."

Labaran ya ce ƙauyanci ne, bari ya nuna musu yadda ake yi. Ya ja farantin farko ya share, ya ja na biyu don su ƙara fahimta. Da ya ga har yanzu darasin bai shiga ba, ya ƙarasa sauran. Mutane huɗu da yunwa ke cinsu suka zauna cikin kwat suna kallon manaja yana siɗe ƙashi, sannan ya yi gyatsa ya ce an tashi.

Washegari ya zo da dabara. Ya sayo zana ya kafa tsakanin kowane mazauni da na kusa da shi, kowa da ɗan lungunsa, ba mai ganin wani. Abin ya so ya yi. Bubayero ya waiga dama ya waiga hagu, ya ga zana, ya miƙa hannu a hankali ya cika cokali. Yana kai shi baki sai Baba Gajere ya tauna guringuntsi a bayan zana, ƙaras! Jin ƙarar haƙoran surukinsa, Bubayero ya watsar da cokali ya yi tsalle ta taga da kwat ɗinsa, ya dira a kan bencin Jaji, masu shan shayi suka tarwatse.

"Lahiya? Daga ina haka?" in ji Jaji, yana tare tukunyar shayi.

"Daga kantin," in ji Bubayero, yana haki.

Tun daga ranar ma'aikata suka shiga rama, manaja ya shiga yin kumatu. Shi kuwa a wurinsa ci gaba ake samu, saura hutu. Ya tarar da Baba Gajere a bakin tanderu yana juya gwangwanayen burodi da dogon ƙarfensa.

"Baba Gajere, yaushe rabonka da hutu?"

"Jiya da dare na kwanta."

"Ba wannan ba. Daga gobe ka zamna gida mako biyu. Albashinka na tahiya."

Ƙarfen ya suɓuce daga hannun tsoho. "Mi na yi?"

"Ba ka yi komi ba."

"To in ban yi komi ba, don mi za a kore ni?"

"Ba kora ba ce, hutu ne!"

"Hutu sai kabari. Mutum da ranshi da lahiyarshi a ce ya zamna gida a biya shi? Wa ka taɓa gani? Ka hwaɗa mani laihina kawai, in ba da haƙuri."

Labaran ya ce oda ce, ya raka shi har titi. Kafin magariba labari ya cika tasha cewa an sallami Gajere. Wasu suka ce fulawa ya sata. Wasu suka ce a'a, tarin fuka aka gano yana da shi. Wata mai fura ta rantse da idonta ta ga an kama shi yana tofi a kwaɓi.

Washegari da hantsi sai ga motar Kusada ta sauke dangin Baba Gajere daga ƙauyensu Boko: matarsa Ma'u, dattawa da sandunansu, ƙwaryar goro, da kaza ɗaure da ƙafa. Suka durƙusa gaban allon MANAJA.

"A yi haƙuri, ranka shi daɗe," in ji babbansu. "Tsoho ne. In ya ɓata, a yahe mashi."

"Bai ɓata ba! Gata aka yi mashi. Zamne zai yi, kuɗinshi na zuwa."

Ma'u ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Har biyanshi za a yi don kada a gan shi! Wace irin ƙiyayya ce wagga?"

Duk bayanin da ya ƙara, kukan ƙaruwa yake. Da ya ga mutanen tasha sun fara taruwa, sai ya karɓi kazar, don bai ga dalilin da zai sa ta sake shan wahalar mota ba, ya yanke hukunci. Baba Gajere zai dawo, amma hutun na nan. Aka shimfiɗa masa tabarma gindin bedi a ƙofar gidan burodi, aka kafa ɗan allo a kansa an rubuta HUTU. Sharaɗi ɗaya, ba tashi sai salla.

Aka miƙa wa Kabo tanderu, shi kuwa bai taɓa sanin wutarsa ba. Tsoho yana kwance hancinsa na ciki.

"Kabo! Ya ƙone! Hitar da shi, ɗan banza!"

"Baba Gajere, kwanta! Hutu kake!"

"Wutar ta yi yawa ta hagu! Kai wanga yaro, gaya mashi!" Dauda yake nufi.

"Na ce kwanta!"

Ya yunƙura, Labaran ya maida shi. Ya rarrafa ta baya, aka kamo shi a bakin taga. Kafin hutun ya yi rabi muryarsa ta dushe, idanunsa sun faɗa, bai taɓa gajiya a rayuwarsa irin ta hutun nan ba. Burodi kuwa ya riƙa fitowa baƙi ƙirin a waje, ɗanye a ciki. Jaji ya ce wani direban Katsina ya sayi biyu, ba don ci ba, don ya riƙa tare tayar mota a gangare.

Randa da akwatin magani da bokitin yashi, ko a mafarki Labaran bai tuna da su ba. Hankalinsa na kan babban abin da ya ɓoye wa kowa. Wata rana a Kaduna ya ji jiniya ta ɗauka a masaƙa, ya ga ma'aikata sun fito a layi ɗaya bayan ɗaya, ba gudu ba ihu, wani babba yana tsaye yana murmushi. Da ya tambaya aka ce masa gwajin gobara ne, ba wutar komai. Wannan shi zai nuna wa Malam Hussaini. Jiniya babu, sai ya rataye tsohon wilin mota a reshen bedi. Kuma don abin ya fi na Kaduna armashi, ya kai rabin duro can bayan gidan burodi ya cika shi da ɗanyar ciyawa da tsohuwar taya. Bai gaya wa kowa ba, don a cewarsa gwajin da aka sani ba gwaji ba ne. Ƙaramin sani dai ƙuƙumi ne.

Ranar kasuwa ta zo, gari ya cika maƙil. Labaran ya ɗaura laktaye a wuya ya tari Malam Hussaini tun daga titi. Ya fara nuna masa ma'aikata jere cikin kwat suna ɗigar gumi. Malam Hussaini ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya shiga da shi kantin.

"Jakuna kuke kiwo a nan?"

"Wurin cin abinci ne, na zamani."

Suna fitowa Baba Gajere ya rarrafo daga tabarma ya riƙe ƙafar baƙo. "Ranka shi daɗe, kai ne hukuma? Don Allah a taimake ni a maida ni aiki. Hutun ga zai kashe ni."

Malam Hussaini ya dube shi, sannan ya juya ga Labaran. "Ina randar?"

"Malam, bar zancen randa. Tsaya nan, kada ka motsa. Yau za ka ga abin da ko a Katsina ba ka taɓa gani ba."

Ya zagaya baya da sauri, ya ƙyasta ashana, taya ta kama. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe ya haye sama da rufi. Ya sheƙo a guje ya rarumi ƙarfe ya shiga dukan wili, ƙwal! ƙwal! ƙwal! Ya buɗe maƙogwaro iyakar ƙarfinsa.

"Gobara! Gobara!"

To, masaƙar Kaduna katanga gare ta da ƙofar ƙarfe. Gidan burodin Hajiya kuwa a tsakiyar mutane yake, dangar kara na riƙe da dangar kara har ƙarshen unguwa, ga bazara komai ya bushe. A irin wannan gari ba a wasa da kalmar nan. Mace ta farko ta ga hayaƙi ta ƙwalla kururuwa, ta gaba ta karɓa, kafin ka ce kwabo kasuwa ta juye gaba ɗaya ta nufo gidan burodi. 'Yan ga-ruwa da garewani, samari da gatura, mahauta da wuƙaƙe, mata da tukwane, masu tallan nono da ƙorensu a ka.

Kowa kuma ya san aikinsa, don tun kaka da kakanni maganin gobara shi ne a yanke mata hanya. Aka fara da zanar kantin, aka yi fata-fata da ita. Aka rushe rumfar itace ta gaba. Aka tumɓuke rumfar Jaji yana riƙe da ginshiƙi yana ihu. Aka kwantar da dangar maƙwabta ta gabas da ta yamma, awaki da kaji suka fantsama titi. Wasu zaratan suka haye sama suka shiga ɓamɓarar kwano suna wurgowa ƙasa.

"Ku tsaya! Gwaji ne!" Labaran ke ihu yana tsalle. "Layi za ku yi! Ɗaya bayan ɗaya!"

Wani ya danƙa masa bokiti ya ce ya bar surutu. Wata tsohuwa ta ga yana tsalle, ta ɗauka wutar ta kama shi, ta juye masa ƙwaryar nono tun daga ka. Ma'aikatan da aka shirya gwajin dominsu kuwa, an sheƙa musu ruwa kwat ɗin sun sha sun yi nauyin buhun gero, suna son gudu ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Malam Hussaini ya buɗe baki zai yi magana aka watsa masa yashi. Babur ɗinsa wasu bayin Allah suka ɗauka cak suka tsallakar da shi titi don ceto. Da ya farga sai ya ga kansa a layin miƙa bokiti, yana karɓa yana miƙawa kamar kowa.

Sai wani ya leƙa ciki ya hango bakin tanderu jajur.

"Ga uwar wutar nan! Ku kawo ruwa!"

Baba Gajere ya manta da hutu. Ya kutsa ya tsaya gaban tanderu ya ware hannuwa. "A'a! A'a! Wagga wutar tamu ce! Ta gida ce!"

"Tsoho ya ruɗe, ku ɗauke shi!"

Aka sungume shi yana wutsil-wutsil. Garwa ta farko ta shiga, ta biyu ta bi, ta uku ta bi. Tanderun da tun asuba yake cin itace ya sha ruwan sanyi, ya yi wani irin tsaki, tururi ya tashi fari fat. Aka ji tas! Tsaga ta bi shi daga baki har ƙeya. Ya ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ya rufta kan burodin da ke cikinsa.

Jama'a suka yi kabbara, aka shiga yi wa juna barka. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Ana cikin haka Jaji, da ya zagaya neman murfin tukunyarsa, ya ƙwala kira daga baya. Aka je aka tarar da rabin duro yana ta hayaƙinsa hankali kwance. A duk faɗin wurin ita kaɗai ce wutar da ba a kashe ba.

"Wa ya kunna wanga?" in ji Jaji.

Labaran ya share nono daga ido, ya gyara laktaye, ya yi murmushin da bai kai ciki ba.

"Jama'a, ina taya ku murna, kun ci gwaji. Wallahi ko a Kaduna ban ga an hito da sauri haka ba."

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa duka. Mai danga na neman dangarsa, mai akuya na neman akuyarsa, mai nono na neman wanda zai biya ta, mahauci na tambayar wa ya tsare masa nama a kasuwa. Labaran ya ga gatura sun juyo, ya yi wuf ya laɓe bayan Malam Hussaini ya riƙe masa riga.

Daidai nan motar Maraɗi ta tsaya. Hajiya Iyatu ta sauko, jama'a suka dare mata. Ta dubi inda rufi yake da, ta ga sararin Allah. Ta dubi mutum uku cikin jiƙaƙƙun kwat. Ta dubi Baba Gajere zaune kan tarin ƙasa yana kuka da hawaye, yana shafa ɓaraguzai. Abin ya soke ta har zuci, don tanderun nan guminta ne na shekaru. Amma ba ta ɗaga murya ba, wanda ya san ta kuwa ya san wannan ya fi ihu muni.

"Malam, ka rufe?"

"Hajiya, me zan rufe?" in ji Malam Hussaini, yana kakkaɓe yashi daga kunne. "In kun sake gini na dawo."

Ta gyaɗa kai. "Labaran, hito. Ga motar Kusada can tana lodi. Shiga."

Labaran ya ji garma ta taɓa masa kafaɗa. Sai wani abu da ya taɓa ji a bakin ƙofar masaƙa ya faɗo masa, ya leƙo ta bayan Malam Hussaini.

"Yaya, ba ya yiwuwa. Doka! Ba a korar ma'aikaci haka nan sai da notis. Malam, hwaɗa mata!"

Malam Hussaini ya yi ajiyar zuciya. "A nan kam ya faɗi gaskiya, Hajiya. Sai ki ba shi wata guda."

Labaran ya fito fili ya buɗe kafaɗu, nono na ɗiga daga gemunsa. "Kun ji ko? Ku da kuka ce ban san aiki ba!"

"Malam," in ji Hajiya, "a watan nan, zamne zai yi ko aiki?"

"Aiki mana. Ai ma'aikaci ne."

"Madalla. Baba Gajere, share hawayenka. Mi ake bukata a tada sabon tanderu?"

Tsoho ya ja hanci. "Jar ƙasa, Hajiya. Da ciyawa, da kashin jaki. Sai mai taka ta da ƙahwa har ta nuna."

"Ga mai takawa nan. Tuɓe laktaye."

Aka haƙa ramin kwaɓa a bakin titi, inda duk motar da ta fito Kano ko Katsina sai ta rage gudu. Tun da safe Labaran ke ciki, wando naɗe har cinya, yana dagwalgwala laka da kashin jaki, Baba Gajere na tsaye a kansa yana cewa ba ta nuna ba. Jaji ya matso da bencinsa bakin ramin, cinikinsa ya ninka. Mutanen Kusada har mota suke cikawa su zo kallo, su gaida manaja da aiki, su tambaye shi ko haka ake yi a Kaduna. Ya dubi rana, ya dubi ƙafafunsa, ya tuna gonarsu da ke can bayan gari inda ba mai ganin mutum sai tsuntsaye, ya ji duk duniya ba abin da yake ƙauna kamar garmar nan.

Da Hajiya ta zo duba aiki ya fito daga rami ya durƙusa gabanta, laka har gira.

"Yaya, na yi tunani. Na yahe notis ɗin. Ki bar ni in tahi Kusada yau ɗin nan."

Hajiya ta gyara mayafi, ta dube shi da tausayi.

"Haba ƙanena. So kake a kama ni? Ni ba ni karya doka. Koma ciki."